Sa'o'i uku a Tina Junction, inda aka gargaɗe ni kada in tsaya

Shekara tara ke nan ina aikin tace labarai, kuma a tsawon wannan lokaci sunan Tina Junction ya ratsa ta hannuna sau da dama. Ban taɓa ganin sa shi kaɗai ba. Kullum yana tafe da 'yan rakiyarsa: tarzoma, ƙone-ƙone, dokar hana fita, an girke jami'an tsaro. Na san unguwannin da ake jero shi da su, Dutse Uku da Unguwar Rukuba da Nasarawa Gwom, amma da za a ɗauke ni a ajiye a wurin, ba zan gane shi ba. A daminar bara keke ya ajiye ni a can, ana tsuga ruwa, rana na shirin faɗuwa, kuma sai da na yi sa'o'i uku kafin na tashi.

Hawan keke da girmana na koma masa. Zaman kujera na aikin dare ne ya fara taɓa min baya, likita ya ce in riƙa motsa jiki, sai na sayi keke na hannu mai giya na riƙa zagaya titunan Abuja da sassafe ranar Asabar. Da hutuna ya zo na cire masa tayar gaba, na cusa shi a bayan motar haya, na nufi Jos. Garin ya daɗe yana ba ni sha'awa. Yana zaune ne a kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200 daga doron teku, iskarsa da sanyi, ga duwatsun Shere daga gabas waɗanda ƙololuwarsu ta haura mita 1,800. Wanda ya saba tuƙa keke cikin zafin Abuja, idan ya zo nan sai ya ji kamar an sauke masa kaya.

Na sauka a Unguwar Rogo wurin wani abokina da muka yi jami'a tare. Haifaffen Jos ne, kakansa ma zamanin haƙar kuza ya zo garin. Da daddare na shimfiɗa masa shirina: in bi ta Lamingo zuwa gindin duwatsun Shere, in dawo ta titin Bauchi Ring Road kafin la'asar ta yi sanyi. Ya saurare ni har na gama, sannan ya fara zana min wata taswira wadda babu ita a cikin wayata. Nan za ka iya tsayawa ka sha ruwa. Nan ka wuce kawai. Nan kada ka tambayi kowa hanya. Da ya zo kan Tina Junction sai ya ɗaga murya kaɗan: “Ko ƙishirwa za ta kashe ka, kada ka tsaya.” Ya ƙara da cewa in bar hulata a gida, hular kwanon ta ishe ni.

Na yi masa dariya a lokacin. Shi bai yi ba. Ya ce akwai unguwanni a garin haihuwarsa da rabonsa da taka su tun 2008.

Tafiyar ta yi daɗi, kuma daɗin ne ya cuce ni, domin na daɗe a kan duwatsun ina ɗaukar hoto har hadari ya haɗo daga gabas ban lura ba. Agusta na cikin watannin da ruwa ya fi yawa a Filato. Ina kan titin Ring Road ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Na ƙi fakewa saboda gargaɗin abokina, na sunkuyar da kai na ci gaba da taka feda. Ruwan ya rufe wani rami a gefen kwalta, tayar baya ta faɗa ciki da ƙarfi, a daidai lokacin kuma wata leda da ruwa ya kwaso ta naɗe cikin na'urar sauya giya. Na ji ƙas, na'urar ta shige cikin wayoyin taya, keke ya ƙame, na tsinci kaina a ƙasa.

Gwiwata ta goge, tafin hannuna na jini. Ɗan ƙarfen da ke riƙe na'urar giyar ya karye gida biyu, sarƙa ta murɗe, taya ta sace. Wayar da na ɗaure a kan keke don duba taswira ta sha ruwa ta ɗauke. Da na ɗaga kai, allon wani shagon magani ne a gabana, a ƙasansa an rubuta adireshi da jan fenti. Na karanta shi sau biyu.

Abin da ya sa gabana ya faɗi

Wanda bai san Jos ba zai ce ai mahaɗar titi ce kamar kowace, da shaguna da masu Keke Napep da masu tallar kayan miya. Haka ne. Sai dai tana bakin iyaka, irin iyakar da ba gwamnati ce ta shata ba.

Jos gari ne da kuza ta tara. Tun farkon ƙarni na 20 Turawa suka buɗe wuraren haƙa, jirgin ƙasa ya iso daga Zariya a 1914, Hausawa da Yarbawa da Ibo da wasu ƙabilu barkatai suka kwararo suka zauna tare da Birom da Anaguta da Afizere. Shekaru da dama ana misali da garin wajen zaman lafiya, har jihar ta ɗauki taken gidan zaman lafiya da yawon buɗe ido. Taƙaddamar wane ne ɗan ƙasa, wane ne baƙo, ta yi tsami bayan gwamnatin Janar Babangida ta ƙirƙiro Ƙaramar Hukumar Jos ta Arewa a 1991. An yi rikici a Afrilun 1994. A ranar 7 ga Satumba, 2001 aka yi wanda ya sauya garin, inda ƙungiyar Human Rights Watch ta ce kimanin mutum 1,000 sun mutu cikin kwanaki shida. Na ranar 28 ga Nuwamba, 2008, bayan zaɓen ƙananan hukumomi, ya ci aƙalla mutum 700. Na ranar 17 ga Janairu, 2010 kuwa a Dutse Uku ya tashi, kan sake gina wani gida da aka ƙona a rikicin da ya gabace shi. Daga inda na faɗi ana iya zuwa wurin da ƙafa. A jajibirin Kirsimetin wannan shekara bama-bamai suka tashi a Unguwar Rukuba da Kabong.

An kafa kwamitocin bincike: na Mai Shari'a Fiberesima, na Mai Shari'a Niki Tobi, na Bola Ajibola, da na Solomon Lar. An girke rundunar Operation Safe Haven a 2010, Gwamna Simon Lalong ya kafa hukumar wanzar da zaman lafiya ta jiha a 2016. Amma abin da talaka ya yi wa kansa shi ne ƙaura. Musulmi suka sayar da gidajensu suka koma inda Musulmi suka fi yawa, Kiristoci ma haka, har gari ya zama rabe-rabe.

Ni dai ba tarihin nan ne ya fara zuwa min a rai ba, ina durƙushe cikin ruwa. Matafiya na tuna. Na tuna Manjo Janar Idris Alkali mai ritaya, wanda ya ɓace ranar 3 ga Satumba, 2018 yana ratsawa ta yankin Du da motarsa, daga baya aka tsamo motar daga wani kududdufin haƙar kuza. Na tuna matafiyan da ke komawa Jihar Ondo daga Bauchi, waɗanda aka tare a titin Rukuba ranar 14 ga Agusta, 2021 aka kashe aƙalla 22. Kwanaki goma bayan haka aka afka wa ƙauyen Yelwa Zangam da dare aka kashe gwamman mutane, kamar yadda aka yi a Dogo Nahawa a Maris ɗin 2010. Kowane ɓangare yana da jerin gawawwakinsa, kuma kowa nasa ya fi haddacewa. Wasu daga cikin labaran nan ni na sa musu kanu.

“Ɗana, shigo daga ruwan”

Muryar daga ƙarƙashin wata rumfar kwano ta fito. Dattijuwa ce mai gasa masara, za ta yi shekara sittin, ta ɗaura zane biyu saboda sanyi, ga ɗan gicciye na azurfa a wuyanta. Da Hausa ta yi min magana, irin Hausar Filato mai sauƙi wadda ba ta damu da namiji ko mace ba. A Jos Hausa ce harshen kasuwa, da ita kuma ake wa'azi da waƙa a majami'u da yawa na COCIN da ECWA, waɗanda hedikwatarsu duka a garin take. Tun 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa.

Na ce, “Na gode, Mama, yanzu zan wuce.” Ta dubi keken, ta dube ni, ta ce, “Da wanne?”

Na jawo shi na shiga rumfar. Ta ture wani yaro daga kan benci ta ce in zauna kusa da garwashi. Ta aiki yaron shagon maganin ya sayo auduga da maganin wanke ciwo, daga cikin kuɗin cinikinta ta ciro. Ba ta tambaye ni sunana ba. Ta miƙo min masara mai zafi ta ce in riƙe ko don hannuna ya daina rawa. Ita ta ɗauka sanyi ne.

Da ruwan ya tsagaita yaron ya kira mai faci daga tsallaken titi. Ya ciro robar cikin tayar ya tsoma a ruwa, huji biyu suka bayyana gefe da gefe kamar saran maciji, abin da ke faruwa idan bakin ƙarfen taya ya datse roba a cikin rami. Ya ce ba zai sa mata wuta ba kamar yadda yake yi wa ta mota, don ta yi siriri, za ta narke. Ya goge wurin, ya shafa sholisho, ya manna faci. Sai matsala ta biyu ta taso: bawul ɗin kekena irin siririn nan ne, bakin famfonsa kuwa na mota da babur ne, ya ƙi kamawa. Famfona na hannu na bar shi a Unguwar Rogo don rage nauyi, wautar da har yau nake jin kunyarta. Mutumin ya juya murfin robar bawul ɗin a hannunsa, ya ɗauki reza ya yanke kansa, ya kifa shi a kan bawul ɗin, ya ɗora famfo. Iska ta shiga. Ya caje ni kusan ninki biyu na abin da ake biya, na kuma biya ban ce uffan ba. Mama ta bi shi da harara har ya tsallaka.

Aikin sarƙar ne ya ci lokaci. Wannan ɗan ƙarfe da ya karye, da gangan ake ƙera shi da taushi domin ya karye maimakon jikin keken, kuma kusan kowane samfurin keke da irin nasa. Ba abin da za a samu a bakin titi ba ne da yamma. Aka kira wani bakanike mai gyaran janareta da ke shirin rufe shagonsa. Bai taɓa gyara keke mai giya ba, da bakinsa ya faɗa. Ya tsuguna ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, “Oga, idan muka cire wannan abin gaba ɗaya muka rage sarƙar, ai zai koma kamar keken da.” Dabarar da littattafan gyaran keke ke koyarwa ke nan, shi kuwa da ido ya gano ta.

Ba shi da na'urar tsinka sarƙa. Ya ɗora gaɓar sarƙar a kan noti, ya sa ƙusa a kan ɗan sandan da ke haɗa ta, ya riƙa bugawa da guduma a hankali. Sirrin aikin shi ne kada sandan ya fita gaba ɗaya, domin mayar da shi sai an sha wuya. A karon farko ya fice ya faɗa cikin taɓo. Yara huɗu suka duƙufa nema da fitilar waya, ba a gan shi ba. A karo na biyu sarƙar ta yi sako-sako, da na taka sai ta haye faranti na gaba ta cije. Sai a karo na uku ya dace da farantin da ke daidai saitin na gaba, sarƙa ta miƙe ta zauna.

Ana cikin wannan wasu samari uku suka tsaya a bakin rumfar. Ɗayansu, wanda daga warin bakinsa na san daga inda yake, ya tambayi bakaniken da wani yare, sannan ya juyo gare ni da Hausa: “Malam, daga ina? Me ka zo yi a nan?” Kafin in haɗa amsa Mama ta ce, ba tare da ta ɗaga kai daga fifita wuta ba, “Baƙona ne. Ka sayi masara ko ka ba mutane hanya.” Ya tsaya jim, ya yi dariya, suka wuce. Watakila tambaya ce kawai irin ta mai son jin gulma. Ni dai na ji bugun zuciyata har cikin kunnena.

Magariba

Daga can nesa, ta wajen Rikkos, iska ta kawo kiran salla. Na yi kamar ban ji ba. Na ƙudurta in bari sai na isa masauki in haɗa da lisha. Mama ta ɗauki wata robar ruwa ta ajiye a gabana, ta ce wa bakaniken ya buɗe min shagonsa. Ya share wani gefe tsakanin gawawwakin janareta, ya shimfiɗa kwali, ya nuna min gabas da sifanar da ke hannunsa. Ashe tun daga gaisuwar farko sun san ko ni wane ne, hular kwanon ba ta ɓoye komai ba. Na yi salla ƙofa a buɗe, bayana na kallon titi, yana tsugune a bakin ƙofar yana ci gaba da bugun ƙusarsa.

Bayan na idar ne ta ba ni labarinta a gutsure, tana juya masara. A Nasarawa Gwom ta yi aure, a can ta haifi 'ya'yanta biyar. A Janairun 2010 wata maƙwabciyarta Hajiya ta shigar da ita da yaran ɗakinta, ta ɗaura mata mayafi, suka kwana biyu kafin sojoji su fitar da su. Gidansu bai tsira ba. Ba ta sake komawa unguwar ba, kuma ba ta sake ganin Hajiyar ba, ko da yake tsakaninsu bai kai tafiyar rabin sa'a da ƙafa ba. Ta faɗa min sunanta da na mijinta, ta ce in tambaya mata a Unguwar Rogo ko wani ya san inda suka koma. Ba ta ce don haka ta taimake ni ba, ni ma ban tambaya ba. Na ga dai yadda fuskarta ta ɗaure da ta zo kan maganar gidan, ban kuma ji alamar ta yafe wa waɗanda suka ƙona shi ba.

A nan ne aikina ya dawo min. An koya mana cewa labari ana jera shi ne daga mafi muhimmanci zuwa mafi ƙanƙanta, domin idan wuri ya ƙare a yanke daga ƙasa. Adadin matattu ne a sama, sai martanin 'yan sanda, sai na gwamna. Wakili mai ƙoƙari yakan saƙala sakin layi ɗaya a ƙarshe, cewa wasu mazauna unguwa sun ɓoye maƙwabtansu. Wannan sakin layin na sha yanke shi, da ƙarfe goma sha ɗaya na dare, ba da wata mugunta ba, don dai labari ya yi tsawo. Irin wannan aiki ba ya hawa kanu sai ya kai girman na Liman Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar Yelwa a Barikin Ladi, wanda ya ɓoye mutum 262, akasarinsu Kiristoci, a gidansa da masallacinsa ranar 23 ga Yuni, 2018, har gwamnatin Amurka ta karrama shi a 2019. Hajiyar Nasarawa Gwom mutum shida ta ɓoye. A ma'auninmu wannan bai kai labari ba.

Masu doguwar tafiya a keke sun fi mu sanin nauyin irin waɗannan mutane, domin a kansu tafiyar take tsayuwa. Daga wannan gari na Jos Aliyu Abdullahi Bala ya tashi a kan keke a Fabrairun 2021, ya ratsa Nijar da Chadi da Sudan, bai isa Saudiyya ba sai Disamban 2022. A 2023 wani matashi ɗan ƙasar Gini, Mamadou Safayou Barry, ya nufi Jami'ar Azhar a kan keke, aka tsare shi har sau uku a hanya. Da ya maƙale a Chadi wani ɗan jarida ya ba da labarinsa, mutanen da ba su taɓa ganin sa ba suka haɗa masa kuɗin jirgi zuwa Alƙahira. Babu guzurin da zai kai mutum irin wannan nisa. Tawa tafiyar ko kusa da tasu ba ta kai ba, amma mai keke duk inda yake a fili yake: ba gilashin da zai ɗaga, ba ƙofar da zai kulle.

Bakaniken ya ƙi karɓar ko sisi. Na matsa, ya ce in ba yaran da suka nemi sandan sarƙa, duk da ba su same shi ba. Mama ta karɓi kuɗin masara biyu cif, ta ƙi na auduga da magani.

Ƙarfe takwas ta wuce, duhu ya yi, kekena ba fitila. Ta leƙa titi ta ƙwala wa wani mai Keke Napep kira da sunansa, ɗan wata 'yar majami'arsu ne. Na ce a ɗora keken a ciki kawai, amma ya ƙi shiga ko ta wane gefe, sai in an sake kwance taya, bakaniken kuwa ya ce kada a taɓa ta baya, sarƙar ba za ta sake zama ba. Aka shirya in hau in yi gaba, shi ya biyo ni a baya yana haska min hanya.

Haka muka tafi, ni da giya ɗaya da gwiwa mai zogi, inuwata a miƙe a gabana cikin hasken fitilarsa, motoci na yi masa ham yana ƙin kaucewa. Da muka kusa mahaɗar titin Bauchi, inda fitilun masu shayi da tsire na unguwanninmu suka fara bayyana, sai na ji ya rage wuta. Na tsaya na waiwaya. Ya leƙo da kai ya ce, “Malam, daga nan ka san hanya ko?” Na ce ya ƙarasa mana, abokina zai so ya gode masa, ga shayi ma. Ya girgiza kai yana murmushi.

“Mama ta ce in kai ka gida, amma ni ba na shiga can da dare.”

Ya juya kekensa a tsakiyar titi. Na tsaya riƙe da nawa har jar fitilarsa ta ɓace a kwana, sannan na tura sauran hanyar da ƙafa.